Kakar 2002: Bayan South Sydney Ta Ci Shari'a, Ta Sha Kashi a Fili

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurari muryar ba, da kuma waɗanda dama karatun suka fi so.

Yau Ostireliya za mu, birnin Sidni, kuma wasan da za mu yi magana a kai ba ƙwallon ƙafa ba ne. Zari-ruga ne. Na san wani zai ce me ya haɗa mu da wasan ƙarti masu kokawa da ƙwallo mai siffar ƙwai. Ku ɗan ba ni lokaci. Kulob ɗaya nake so mu duba, South Sydney Rabbitohs, da kakar wasa ɗaya, ta shekarar 2002. A waccan kakar sun buga wasa 24, sun ci 5, an ci su 19. In ka kalli teburi kawai, za ka ce kulob ne maras ƙarfi ya yi abin da aka saba. Amma kafin su samu damar shan wannan kashin, sai da mutane kusan 80,000 suka fito kan titi, sai da aka yi kusan shekara biyu ana shari'a da ɗaya daga cikin manyan kamfanonin yaɗa labarai na duniya. Tambayar da nake so mu bi ita ce, ta yaya mutanen da suka yi wannan gagarumar nasara suka wayi gari a ƙasan teburi, kuma suka daɗe a can?

Bari in fara da wasan kansa, a taƙaice. Zari-ruga iri biyu ne. Akwai na 'yan wasa 15, akwai na 'yan wasa 13, wanda ake kira Rugby League, shi ne namu na yau. Rabuwar ta faru ne a Ingila ranar 29 ga Agusta, 1895, a wani otal mai suna George Hotel a garin Huddersfield. Kuma kan kuɗi aka rabu. 'Yan wasan arewacin Ingila leburori ne, masu haƙar kwal da ma'aikatan masaƙa. Duk ranar Asabar da mutum ya bar aiki ya je buga wasa, ya yi asarar ladan ranar. Suka ce a riƙa biyansu diyyar wannan lokacin. Manyan da ke riƙe da hukumar, waɗanda ba su san wannan matsalar ba, suka ce atafau wasa ba na kuɗi ba ne. Sai kulob 22 suka ɓalle. Wato tun daga tushe wasan na talakawa ma'aikata ne.

Yadda ake buga shi: minti 80 ne, kowane ɓangare mutum 13. Ba a jefa wa abokin wasa ƙwallo ta gaba, sai baya ko gefe. Idan ƙwallo na hannunku, kuna da dama har a kayar da ku sau shida, daga nan sai ku miƙa ta. Wanda ya ratsa ya dangwala ƙwallo a bayan layin abokan hamayya ya samu maki 4, in aka buga ta ta ratsa tsakanin sanduna a ƙara 2. Shi ke nan, wannan ya ishe mu.

Wasan ya isa Ostireliya, aka fara gasa a Sidni a 1908. An kafa South Sydney ranar 17 ga Janairu na wannan shekarar a zauren taro na unguwar Redfern. Su suka ci kofin farko, sun doke maƙwabtansu Eastern Suburbs da ci 14 da 12. Ku riƙe wannan sunan, Eastern Suburbs, su ne ake kira Sydney Roosters a yau, za su sake fitowa a labarin. Shi kuwa sunan Rabbitohs, labarin da ya fi yaɗuwa shi ne daga masu tallar naman zomo ya samo asali, waɗanda ke zagaya layukan unguwar suna shela, don a lokacin zomo shi ne naman talaka. Rigarsu ja da kore ce. Redfern kuma unguwa ce ta ma'aikatan jirgin ƙasa da masana'antu, sannan cibiya ce ta Aborijin, 'yan asalin ƙasar da Turawa suka tarar. Shi ya sa har gobe kulob ɗin yake da matsayi na daban a wajensu. Eric Simms, ɗaya daga cikin taurarin kulob ɗin a shekarun 1960, ɗan asalin ƙasar ne.

Daga 1908 zuwa 1971 sun ɗauki kofi sau 20. Babu kulob ɗin da ya kai su. Sun ci sau biyar a jere daga 1925 zuwa 1929, a 1925 ma ko wasa ɗaya ba a ci su ba. A shekarun 1950 suna da Clive Churchill, wanda yanzu lambar gwarzon wasan ƙarshe na gasar ke ɗauke da sunansa. A wasan ƙarshe na 1970 kyaftin ɗinsu John Sattler ya karye a muƙamuƙi tun farkon wasa, ya ƙi fita, ya buga har aka tashi, suka doke Manly. A 1971 suka sake ci, a kan St George. Daga nan kofi ya yi musu ƙaura.

Me ya faru? Talauci ne ya cim musu. A Sidni, kulob-kulob da yawa suna samun kuɗi ne daga gidan shaƙatawa na mambobi, inda ake da injinan caca. Wanda gidansa ke unguwa mai jama'a da kuɗi, ya sayi 'yan wasa. Su kuwa iyalan ma'aikata da suka cika Redfern da kewaye, da yawa sun koma yammacin birnin inda gidaje suka fi araha. Masu kuɗi suka fara tsince musu taurari: Ron Coote ya koma Eastern Suburbs, John O'Neill da Ray Branighan suka koma Manly. A 1975 Souths suka ƙare a na ƙarshe. A can, wanda ya zo na ƙarshe ana cewa ya ɗauki cokalin katako, zolaya ce. Sun ɗan farfaɗo a 1989, suka ƙare zagayen gasar a saman teburi amma ba su kai wasan ƙarshe ba. Shekara ɗaya bayan nan, 1990, suka sake ɗaukar cokalin. A wannan halin rauni yaƙin manya ya same su.

A 1995 talabijin na biya yana shigowa Ostireliya, kuma kowa ya san wanda ya mallaki wasanni shi zai samu masu saye. Hukumar wasan, ARL, tana tare da attajiri Kerry Packer da kamfanin Optus Vision. Shi kuma Rupert Murdoch, ta kamfaninsa News Limited, yana son wasan ya hau tasharsa ta Foxtel. Da bai samu ba, sai ya kafa tasa gasar, Super League, ya bi kulob-kulob da 'yan wasa da maƙudan kuɗi. Albashi ya yi tashin gwauron zabi. A 1997 gasa biyu aka yi a ƙasa ɗaya, ARL da kulob 12, Super League da 10. 'Yan kallo suka gaji, kowane ɓangare ya tafka asara. Souths sun tsaya tare da ARL har ƙarshe.

Da giwayen biyu suka gaji, sai suka sasanta. Aka haɗe gasar a 1998 da sunan NRL, mallakar ARL da News Limited tare, da kulob 20. Sharaɗin sulhun shi ne zuwa shekarar 2000 a rage su zuwa 14. Aka rufe wasu gaba ɗaya. Wasu aka ba su kuɗi aka ce su haɗe: St George da Illawarra, Balmain da Western Suburbs suka zama Wests Tigers, Manly da North Sydney suka zama Northern Eagles. Aka matsa wa Souths lamba su ma su nemi abokin haɗewa. Shugaban kulob ɗin a lokacin George Piggins ne, tsohon ɗan wasansu, yana cikin waɗanda suka ci kofin 1971. Ya ce ba za su haɗe da kowa ba.

Sai aka auna kulob-kulob da ma'auni irin su yawan 'yan kallo, kuɗin ƙofa, tallafin kamfanoni da sakamakon wasa. A kakar 1999 Souths sun zo na 12 cikin 17, wato akwai biyar a ƙasansu, ciki har da North Queensland da aka bari a gasar. Ranar 15 ga Oktoba, 1999 aka sanar cewa an cire South Sydney. Kulob mai shekara 91, wanda ya fi kowa kofi, aka ce masa babu gurbinsa.

Abin da ya biyo baya shi ya sa na zaɓi wannan labarin. Tun kwanaki kaɗan kafin sanarwar, mutane kusan 40,000 sun yi tattaki a Sidni. Kulob ɗin ya garzaya Kotun Tarayya. A Nuwamban 2000 alƙali Paul Finn ya yanke hukunci, Souths suka faɗi. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Amma ranar 12 ga Nuwamba, 2000, kusan mutum 80,000 suka taka daga Redfern zuwa zauren birnin Sidni. Kuma ba magoya bayan Souths kaɗai ba, har da masu sanye da rigunan kulob-kulob na hamayya, saboda sun gane in aka iya goge wannan da biro, kowa ma ana iya goge shi. Kuɗin lauyoyi kuwa daga gudummawar jama'a da tarukan neman taimako aka riƙa haɗawa. A ɗaya daga cikin irin waɗannan tarukan ne jarumin fina-finai Russell Crowe, wanda kuka sani a fim ɗin Gladiator, ya sayi tsohuwar ƙararrawar da aka kaɗa a wasan kulob ɗin na farko a 1908, kan dalar Ostireliya 42,000.

Suka ɗaukaka ƙara. Hujjarsu ta doka ba ta tsaya kan tarihi ko tausayi ba. Sun dogara ne da dokar kasuwanci ta 1974, suka ce yarjejeniyar ƙayyade kulob 14 haɗa baki ne tsakanin masu gasa biyu don hana wani shiga. Ranar 6 ga Yuli, 2001, alƙalai biyu cikin uku suka ba su gaskiya. NRL ta ce su dawo a 2002.

To, yanzu mun iso kakar da muke bita.

Daren 15 ga Maris, 2002, filin Sydney Football Stadium. Mutane sama da 35,000. Russell Crowe da wani dattijon kulob ɗin, Albert Clift, suka kaɗa waccan ƙararrawar. Manya suna kuka. Abokan karawa kuwa Sydney Roosters ne, waɗancan maƙwabtan da aka doke a 1908. Aka tashi wasa Roosters 40, Souths 6.

Mako na biyu suka je Canberra suka ci, mutane suka ce to, an fara. Sai dai abin bai ɗore ba. A sauran kakar gaba ɗaya wasa huɗu kacal suka ƙara ci. Suka ƙare da maki 14, goma daga nasarori biyar, huɗu kuma kyauta ce da ake bai wa kowane kulob a makonni biyun da ba shi da wasa. Sun zo na 14 cikin 15. Kuma ko wannan ma ba ƙoƙarinsu ne ya hana su zama na ƙarshe ba. Canterbury Bulldogs, waɗanda suka ci wasa 17 a jere a kakar, an kama su sun karya dokar iyakar albashi, aka zaftare musu maki 37, suka faɗo daga sama zuwa ƙasa. Ba don wannan hukuncin ba, da cokalin katako na Souths ne tun shekarar dawowa. Sannan don ciwon ya cika, Roosters ne suka ɗauki kofin shekarar, suka doke New Zealand Warriors 30 da 8. Cikin waɗanda suka ci musu maki a wasan ƙarshen akwai Craig Wing, yaron da ya taso a Souths, ya buga musu a 1998 da 1999, ya bar su da aka rufe ƙofa.

Ni a nazarina dalilai huɗu ne suka haɗu.

Na farko, lokaci. Hukunci ya fito a Yuli 2001, gasa ta fara a Maris 2002. Wata takwas ke nan. A wata takwas ake so a haɗa tawaga sukutum daga babu. 'Yan wasansu na 1999 sun watse, kowa ya kama gabansa, don ɗan wasa ba zai zauna shekara biyu yana jiran kotu ba, ƙarfinsa na 'yan shekaru ne. Manyan 'yan wasan gasar kuma suna ƙarƙashin kwantiragi a wasu wuraren. Abin da ya rage a kasuwa shi ne waɗanda kwantiraginsu ya ƙare, da waɗanda ke zaman benci a wani wuri, da tsofaffin hannu da suka kusa ajiye takalmi, da yaran da ba su goge ba. An samu sanannun sunaye irin su Adam Muir, wanda aka ba kyaftin, da Owen Craigie da Russell Richardson. Amma tara mutane daban, tawaga daban. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya, su kuwa dole ce ta sa su.

Na biyu, yanayin wasan kansa. A ƙwallon ƙafa ƙaramin kulob zai iya tare gida ya samu canjaras, ko ya saci ƙwallo ɗaya ya tsira. A wannan wasan babu wurin ɓuya. Tsaro layi ne na mutum 13 da dole su taso tare su koma tare, kowa ya san abin da na kusa da shi zai yi. In mutum ɗaya ya makara da taku biyu, an samu ɓaraka, an wuce. Irin wannan sabo shekaru yake ɗauka. Kuma duk wanda ake kai wa hari shi ya fi gajiya, in ya gaji sai ya ƙara yin kuskure, sai a sake karɓe ƙwallo. Shi ya sa sabuwar tawaga in ta faɗi, da tazara mai yawa take faɗuwa.

Na uku, kuɗi. Kotu ta ba su gurbi a gasa, ba ta ba su ko sisi na gina kulob ba. Matsalar da ta kwantar da su tun shekarun 1970 tana nan yadda take. Dokar iyakar albashi tana taƙaita abin da za ka biya 'yan wasa ne kawai. Ba ta hana mai kuɗi ɗaukar ƙwararrun masu horarwa, likitoci, masu farautar yara masu basira da gina wurin atisaye mai kyau ba. Bayan yaƙin Super League wasan ya zama cikakkiyar sana'a, sauran kulob-kulob sun yi shekara biyu suna gaba, Souths suna kotu. Sannan akwai wani haraji da kulob na ƙasan teburi ke biya: in kana son ɗan wasa mai kyau ya zo maka, sai ka ba shi fiye da abin da na sama zai ba shi. Wato ka kashe kuɗi da yawa ka samu kaɗan.

Na huɗu shi ne mai wuyar faɗi, shugabanci. Halin da ya ceci kulob ɗin shi ne taurin kai. Da George Piggins mai saurin sassautawa ne, da yau babu South Sydney, wannan ba a jayayya a kai. Amma wanda ya iya cewa a'a ga Murdoch, ba lallai ne ya zama wanda ya fi iya zama da 'yan kasuwa, tsara kasafi da zaɓen koci ba. Kocin 2002, Craig Coleman, ɗan gida ne, tsohon ɗan wasansu, shi ne ma kocin kafin a cire su, kuma ya tsaya da su lokacin wahala. An mayar da shi bisa amana. Kafin a fara kakar 2003 aka sallame shi. Aka kawo Paul Langmack, shi ma aka sallame shi a tsakiyar 2004, Arthur Kitinas ya riƙe, sannan Shaun McRae ya karɓa a 2005. Koci huɗu cikin shekara huɗu. Kowane ya zo da nasa tsarin, ya tarar da 'yan wasan da wani ya saya.

Ga sakamakon. A 2003 wasa 3 suka ci, cokalin katako. A 2004, cokalin katako. A 2005 suka ɗan ɗaga. A 2006 wasa 3 kuma, cokalin katako, har da ranar da Warriors suka yi musu 66 da nema, kashi mafi muni a tarihin kulob ɗin. Ana cikin haka, a Agustan 2003, Babbar Kotun Ostireliya, wadda ita ce ta ƙoli, ta soke hukuncin 2001, ta ce News Limited ba ta karya doka ba. Kun ji fa. A ƙarshen ƙarshe, a takarda, Souths ba su ci shari'ar ba. Amma babu wanda ya sake yunƙurin cire su. Waɗancan mutum 80,000 sun riga sun nuna abin da zai biyo baya.

A nan masu sukar Piggins suke samun bakin magana, kuma ya kamata mu saurare su. Suna cewa ga Wests Tigers, da suka yarda suka haɗe, sun ci kofi a 2005. St George Illawarra sun ci a 2010. Me taurin kai ya jawo ban da kunya duk mako? Masu kare shi kuma sai su nuna North Sydney Bears. Su ma tun 1908 suke, suka shiga haɗaka da Manly, haɗakar ta wargaje, Manly ta koma da sunanta a 2003, Bears suka tsinci kansu a waje. Sai a 2025 aka sanar da dawowar sunan, shi ma a birnin Perth, can ɗaya ƙarshen ƙasar, daga 2027. Don haka haɗaka ta yi wa wasu rana, ta haɗiye wasu.

Sai babbar rigimar cikin gida. Russell Crowe da ɗan kasuwa Peter Holmes à Court suka kawo tayin sayen kashi 75 cikin ɗari na kulob ɗin kan dalar Ostireliya miliyan 3. Ku duba yadda abin yake da ɗaure kai. Mutanen da suka yi tattaki suna cewa kulob na jama'a ne, ba na attajirai ba, yanzu ana tambayarsu su sayar wa attajirai. Piggins ya tsaya kai da fata yana adawa. Abokan gwagwarmaya suka koma ba sa ga maciji. Ranar 19 ga Maris, 2006 mambobi suka kaɗa ƙuri'a. Ana buƙatar kashi 75, aka samu 75.8. Da ƙyar da jiɓin goshi. Mambobi suka riƙe kashi 25, tare da sharaɗin cewa ba za a taɓa abubuwa irin su suna da launin riga ba sai da yardarsu.

Ni dai ga inda na tsaya. Ban ga Piggins a matsayin wanda ya ɓata ba, ban kuma ga waɗanda suka zaɓi sayarwa a matsayin maciya amana ba. Abin da ya banbanta 1999 da 2006 shi ne wa ya yanke hukunci. A 1999 wasu ne suka zauna a ofis suka yanke wa mutane, ba su tambaye su ba. A 2006 mutanen da kansu suka yi muhawara, suka yi faɗa, suka kaɗa ƙuri'a, suka sa sharaɗi. Za ka iya cewa sun yi kuskure, amma haƙƙin yin wannan zaɓin shi ne abin da suka yi tattaki a kansa tun farko. Duk da haka akwai abin da aka rasa, kuma bai kamata a ɓoye ba. Kulob ɗin masu tallar zomo yau mafi yawansa na hannun masu kuɗi. A 2014 Holmes à Court ya sayar da kasonsa ga James Packer, ɗan Kerry Packer, wato ɗan ɗaya daga cikin giwayen da faɗansu ya tattake kulob ɗin.

A fili kuwa, canji ya zo, amma a hankali. A 2007, ƙarƙashin koci Jason Taylor, suka shiga zagayen neman kofi karon farko tun 1989. Aka ɗauko Sam Burgess daga Ingila a 2010, Greg Inglis a 2011, koci Michael Maguire a 2012. Ranar 5 ga Oktoba, 2014, a gaban mutane sama da 83,000, suka doke Canterbury Bulldogs 30 da 6, suka ɗauki kofi na 21, na farko cikin shekara 43. Burgess ya karye a ƙashin kunci a karon farko na wasan, ya buga har ƙarshe, aka ba shi lambar Clive Churchill. Tsofaffi suka tuna Sattler da 1970.

Amma ni abin da ya fi jan hankalina shi ne waɗanda suka fito daga shekarun kunyar. Nathan Merritt, ɗan Aborijin da ya taso a yankin Redfern, a kakar 2002 ya fara buga wa manyan. A 2006, shekarar da kulob ɗinsa ya zo na ƙarshe, shi ya fi kowa a gasar dangwala ƙwallo a bayan layi, sau 22. John Sutton ya fara a 2004, shekarar cokalin katako, ya sha duk wancan kashin, bai tafi ba. Shi ne kyaftin ɗin da ya ɗaga kofi a 2014, kuma ya buga wa kulob ɗin wasa 336. Da babu gurbi a gasa a 2002, da waɗannan yaran rigar wani suka sa, kamar yadda Craig Wing ya yi.

Ku ƙirga da ni. Daga cirewa zuwa dawowa, ƙasa da shekara biyu da rabi. Daga dawowa zuwa kofi, shekara 12. Tattakin kwana ɗaya ne, kowa ya gan shi, har yau ana nuna hotunansa. Shekarun da suka biyo baya kuwa na mutanen da suka ci gaba da biyan kuɗin mamba ne, suna zuwa fili ana cin su 40, ana cin su 66, ga zaman taro mai gundura kan kasafi da tsarin mulkin kulob. Mu matasa muna da saurin fitowa ranar farko, ni ma ina cikin masu kiran a fito. Shi ya sa nake ganin kakar 2002 ta fi ranar tattakin cancantar a yi nazarinta, don a cikinta ake ganin aikin da ke jiran mutum washegarin nasara: wa zai riƙe kuɗi, wa zai horar, wa zai sauka in lokacinsa ya wuce, kuma me za a iya sayarwa ba tare da an sayar da kai ba.

Tambayar da zan bar muku ita ce, da kana cikin zauren nan ranar 19 ga Maris, 2006, katin ƙuri'a na hannunka, ka yi tattaki a 2000, ka kuma sha kashin shekara huɗu, ina za ka jefa? Ku yi tunani a kai da gaske kafin ku amsa, don mutanen da ke wurin ma da ƙasa da kashi ɗaya suka tsallake.

Nan za mu dakata.